LABARIN WATA MAKARANTAR YOGA TA UNGUWA A BIRNIN MAISUR

A kudancin ƙasar Indiya, wadda mutanenmu na dā su ke kira Ƙasar Hindu, akwai wani birni wai shi Maisur, tafiyar kamar mil 90 daga Bangalor. Cikin birnin nan akwai wata tsohuwar unguwa da a ke kira Lakshmipuram. A nan ne, cikin shekarar 1948, wani malamin kwaleji mai suna Pattabhi Jois ya sami gida da taimakon almajiransa, ya keɓe ɗaki guda, ya ce makaranta ce. Ɗakin nan, ko bayan da aka yi wa gidan ƙari, ba ya cin mutum fiye da 12 a lokaci guda. Amma kafin malamin ya rasu cikin 2009, da wuya ka sami babban birni a Turai ko Amurka inda ba a koyar da karatun da ya fito daga ɗakin. Mun ga ya kamata mu kawo muku labarin, musamman ku malaman makaranta, domin akwai abin dubawa cikin yadda makarantar ta girma, da abin da girman ya jawo mata.

Da farko sai mu bayyana abin da a ke nufi da yoga, don kada mu yi ta tafiya mu bar wani a baya. Yoga wani horo ne na jiki da numfashi da tattara hankali, asalinsa daga addinan mutanen Indiya, musamman na Hindu. Wani masani na zamanin dā da a ke kira Patanjali ya kasa shi kashi takwas, tun daga gyaran hali har zuwa natsuwar zuciya. Da harshen Sanskirit, watau harshen littattafansu na dā, "ashta" takwas ke nan, "anga" kuwa gaɓa, shi ya sa malamin nan ya sa wa karatunsa suna Ashtanga. Amma abin da mutum zai gani da ido in ya leƙa ɗakin, shi ne mutane bisa 'yan dardumai suna miƙewa, suna sunkuyawa, suna lanƙwasa jiki salo-salo, kowane motsi da numfashinsa, gumi na zuba kamar an watsa musu ruwa.

YARO DA RUPI BIYU

An haifi Pattabhi Jois ran 26 ga Yuli, 1915, a wani ƙauye wai shi Kowshika kusa da garin Hassan. Gidansu gidan Barahmawa ne, watau jinsin malaman addinin Hindu, ubansa kuwa mai duban taurari ne. Cikin 1927, yana ɗan shekara 12, wani baƙon malami mai suna Krishnamacharya ya zo Hassan ya yi wa jama'a lacca, ya kuma nuna musu yoga a aikace. Yaro ya gani, abin ya shiga ransa. Kashegari ya tafi ya roƙi a karɓe shi. Ya yi shekara biyu yana sammako, ya je ya ɗauki karatu kafin lokacin makaranta, bai gaya wa kowa a gida ba.

Cikin 1930 sai ya gudu daga gida da rupi biyu a aljihu, ya nufi Maisur neman ilmin Sanskirit. Zaman da ya yi a farkon zuwansa zaman almajirci ne sosai, abinci ma sai ya bi gidaje ya roƙa. Ana nan sai ya sāke gamuwa da malaminsa na Hassan, wanda shi ma ya komo Maisur da zama.

A zamanin nan Maisur ƙasa ce mai Sarkinta, wanda su ke kira Maharaja. Ingilishi ba su mallake ta kai tsaye ba, sai suka bar Sarki da wazirinsa da baitulmalinsa, suka ajiye Razdan a gefe. Ma'aikatan En'e ba su bukatar a yi musu dogon bayanin wannan tsari. Sarkin lokacin, Krishnaraja Wadiyar na Huɗu, mutum ne mai son ilmi, wazirinsa kuma daga 1926 zuwa 1941 wani Musulmi ne, Sir Mirza Ismail. Sarkin nan shi ya ɗauki nauyin Krishnamacharya, ya ba shi wuri cikin fadar Jaganmohan, aka buɗe makarantar yoga cikin 1933. Yawancin almajiran samari ne da yara maza, masu jini a jika. Daga nan ne wasu masana su ke ganin dalilin da ya sa karatun Maisur ya cika tsalle da gaggawa da wuya. An tsara shi ne don yaran da in ba a gajiyar da su ba, ba za su zauna wuri ɗaya ba.

Game da asalin karatun akwai gardama. Jois ya kan ce tsarin ya fito ne daga wani tsohon littafi mai suna Yoga Korunta, wanda malaminsa ya sani. Amma ba a taɓa fito da littafin a gaban jama'a ba, labarin da a ke bayarwa shi ne wai tururuwa sun cinye shi. Wani masani, Mark Singleton, ya buga littafi cikin 2010 inda ya kawo hujjojin cewa yoga na fadar Maisur ya ari abubuwa da dama daga wasannin motsa jiki na Turawa da na 'yan kokawar Indiya waɗanda a ke yayi a lokacin. Almajiran gidan da yawa ba su ji daɗin wannan magana ba. Mu dai a namu ganin, karatu ba ya zama banza don an ce shekarunsa 90 ne ba 2,000 ba. Sai dai malamin da ya jingina koyarwarsa ga littafin da ba wanda zai iya buɗewa ya duba, ya rufe ƙofar tambaya ke nan tun daga farko.

Cikin 1937 aka ba Jois aikin koyar da yoga a Kwalejin Sanskirit ta Sarki, albashinsa na farko rupi 10 a wata. Ya riƙe aikin nan har 1973. Ya yi aure, matarsa Savitramma, wadda kowa ke kira Amma, ta haifa masa 'ya'ya uku, Saraswathi da Manju da Ramesh.

Indiya ta sami mulkin kai cikin 1947, ikon sarakuna ya ragu, kuɗin da a ke kashewa makarantar fada ya tsaya. Cikin 1950 aka rufe ta, daga baya Krishnamacharya ya koma Madaras, inda ya rasu cikin 1989 yana da shekara 100. Ashe ke nan da Jois bai buɗe ɗan ɗakinsa na unguwa shekara biyu kafin rufewar ba, da wannan reshe na karatun ya bi fada ya tafi.

YADDA A KE KARATU A ƊAKIN

Nan ne ya kamata mu daɗe, gama a nan amfanin makarantar ya ke. Ba a yin abin da ku ka saba gani a filin makaranta, inda malami zai tsaya gaba yana ƙirga, yara duka su ɗaga hannu tare su sauke tare. A'a. Kowane almajiri ya kan shigo a lokacinsa, ya shimfiɗa dardumarsa, ya fara daga farkon karatu da ka, ya bi salo bayan salo har ya kai inda aka tsayar da shi. Wannan yana farko, wancan yana tsakiya, wani kuwa ya yi nisa. Malami yana zagawa tsakaninsu, ya gyara wa wannan ƙafa, ya danna wa wancan baya. Ba a yi wa mutum ƙari sai malami ya ga ya iya na jiya. Wani ya kan yi wata da watanni, kai har shekara, a wuri guda, yana kallon na bayansa suna wuce shi.

Duk wanda ya yi makarantar allo zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, kowa da allonsa, ba a wankewa sai an biya. Gaskiya ne, ta fuskar hanyar koyarwa kaɗai akwai kama, ko da ya ke abin da a ke koyarwa ya yi nisa da juna kamar gabas da yamma. Amfanin hanyar kuwa ɗaya ne ko'ina. Mai saurin ganewa ba ya jiran mai nauyin kai, mai nauyin kai kuma ba a jan sa a guje. Amma hanyar ba ta tafiya sai malami ya san kowane almajiri, ya san wanda gwiwarsa ke ciwo, ya san wanda ragwanci ne kawai ke damunsa. Mutum 12 ana iya sanin su haka.

Karatun an kasa shi hawa shida. Hawan farko suna kiransa Yoga Chikitsa, watau na magani, kuma yawancin mutane a nan su ke ƙarewa. A kan fara da wani karatu na Sanskirit na girmama malaman dā da Patanjali. Ana yi kwana shida a mako, a huta kwana guda, a kuma huta ran tsayuwar wata da ran cikarsa. Tun da duhun asuba a ke farawa, kafin rana ta yi zafi an watse.

A shekarun farko almajiran duk mutanen gari ne, maƙwabta da 'yan kasuwa da ma'aikata, da yawansu kuwa ciwo ne ya kawo su, ba son lanƙwasa jiki ba. Jois ya rubuta ɗan littafi da harshensu na Kannada, mai suna Yoga Mala, aka buga cikin 1962. Ba a juya shi da Ingilishi ba sai 1999. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa mutumin bai zauna da shirin duniya za ta zo ba.

BAƘI SUN FARA ZUWA

Cikin 1964 Jois ya yi ƙari a bayan gidansa don karatu. A shekarar nan kuma wani mutumin Beljiyam, André Van Lysebeth, ya zo ya yi wata biyu. Da ya koma gida ya rubuta littafi da Faransanci, ya sa sunan malamin da kwatancen gidansa a ciki. Daga nan Turawa suka fara ɗigowa ɗaya ɗaya.

Sa'an nan sai Amurkawa. A farkon shekarun 1970 samarin Amurka da yawa sun bazu cikin Indiya, wai suna neman abin da ba su samu a gida ba. Biyu daga cikinsu, Norman Allen da David Williams, suka ga Manju ɗan malamin yana nuna karatun a Pondicherry, suka nemi kwatancen ubansa. Allen ya fara zuwa. Williams ya biyo baya cikin 1973 tare da wata mace, Nancy Gilgoff. Malam ba ya jin Ingilishi sai kaɗan, su kuwa ba su jin Kannada, saboda haka hannu ya yi aikin da baki ya kasa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Cikin 1974 Jois ya fita Indiya karo na farko zuwa wani taro a Birazil. Cikin 1975 almajiransa suka tara kuɗi suka kai shi wani ƙaramin gari a bakin teku a Kalifoniya, wai shi Encinitas, ya yi wata huɗu. Manju da ya raka shi bai komo ba, ya zauna can. Kowane almajiri da ya koma garinsu sai ya kama ɗaki ya fara koyarwa, almajiransa kuma su yi ɗamarar zuwa Maisur su ga malamin malaminsu. Cikin shekarun 1990 abin ya kai ga mashahuran mawaƙa irin su Sting da Madonna. Madonna ma ta sa karatun buɗewar nan na Sanskirit cikin wani faifanta na 1998.

To, ɗaki bai ƙaru ba. Sai ya zama mutane suna zaune bisa matakalar bene suna jira, in wani ya gama ya naɗe dardumarsa, malam ya ɗaga murya a shigo da ɗaya. Karatun da a ke gamawa da hantsi ya kai ga rana tsaka, tsoho ya haura shekara 80 yana tsaye yana ɗaga ƙatti. Mai taimakonsa shi ne jikansa Sharath, ɗan Saraswathi, wanda aka haifa cikin 1971. Amma ta rasu cikin 1997. Tsofaffin almajirai su kan tuna da ita zaune a ƙofar gida tana ba su kofi, tana tambayar lafiyarsu.

ƘAURA ZUWA GOKULAM

Cikin 2002 aka bar tsohon gida, aka koma wani babban gini a unguwar Gokulam, sabuwar unguwa ta masu hali a wancan gefen birni. Zauren nan yana cin mutum gomiya da yawa a zubi guda, ana yin zubi bayan zubi tun wajen ƙarfe huɗu na asuba, ɗaruruwan baƙi suna wucewa a wata.

Abin da ya sami Gokulam abin mamaki ne. Masu gidaje suka fara ba da hayar ɗakuna wata-wata. Aka buɗe gidajen abinci masu dafa irin na Turawa, masu sayar da ɗanyar kwakwa suka kafa a bakin hanya, masu keke mai ƙafa uku suka koyi Ingilishi. Malaman Sanskirit da masu tausa da masu ɗinkin darduma duk suka sami kasuwa. Waɗansu malaman yoga ma suka buɗe nasu makarantun kusa, suna kwashe wanda bai sami shiga babbar ba. Gama shiga ta zama sai da takarda, a aika tun watanni kafin lokaci, daga baya ta intanet, ba a kuma karɓar mutum don ƙasa da wata guda. Gwamnatin Indiya ita ma ta farga da ribar abin. Ita ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, aka amince cikin Disamba 2014. Cikin 2022 Firayim Minista Narendra Modi da kansa ya jagoranci bikin a filin fadar Maisur, garin da wata gwamnati ta rufe makarantar yoga shekara 72 kafin wannan biki don ba ta ga amfaninta ba.

Amma fa a zauren Gokulam da asuba, farar fata ta fi yawa. Makarantar da aka kafa don maƙwabta ta zama ta baƙi, maƙwabta suka koma masu ba da haya. Sa'an nan ga zancen ijaza. Duk mai son ya koyar da sunan gidan sai ya yi ta zuwa shekara da shekaru, har malam ya ga dama ya ba shi izini, a rubuta sunansa cikin jeri. Babu jarrabawa a rubuce, babu hukumar da za a ɗaukaka ƙara gare ta. Wanda ya bar aikinsa ya kashe dukiyarsa a hanya, abincinsa ya rataya ke nan ga yardar mutum ɗaya. Irin wannan ba ya buɗe baki ko ya ga abin da bai kamata ba.

ABIN DA AKA YI SHIRU A KANSA

Jois ya rasu ran 18 ga Mayu, 2009, yana da shekara 93. Tun yana da rai ana raɗe-raɗin cewa dannawar da ya kan yi da ƙarfi ta ji wa waɗansu ciwo a gwiwa da baya. Akwai kuma wata magana da ta fi wannan muni. Cikin 2010 wata tsohuwar almajira ta rubuta a fili cewa malamin ya taɓa ta a inda bai kamata namiji ya taɓa mace ba, da sunan gyara. Ba a kula ta sosai ba. Cikin 2017 wata kuma, wadda ta yi shekaru a tsohon ɗakin Lakshmipuram, ta ba da nata labari. Cikin 2018 wani marubuci ɗan Kanada, Matthew Remski, ya buga shaidar mata tara cikin wata mujalla, ya biyo da littafi cikin 2019. Hotuna da fina-finan da almajirai suka ɗauka da kansu suna nan, mutane suka sāke duba su da sabon ido.

Ba a taɓa kai malamin gaban alƙali ba, ya riga ya mutu kafin yawancin maganar ta fito. Amma cikin Yuli 2019 jikansa Sharath ya yi rubutu a Instagram, ya amsa cewa shi ma ya ga kakansa yana irin wannan taɓawa da ba ta dace ba, ya nuna baƙin cikinsa ga waɗanda abin ya shafa, ya ce shi a lokacin ba shi da ta cewa, ya kuma tambayi dalilin da ya sa manyan almajirai suka yi shiru. Waɗansu daga cikin matan ba su gamsu da amsar ba.

Abin lura a nan shi ne, ba a ɓoye aka yi ba. A ɗakin mutum 12 aka yi, kowa na gani. Wanda ya yi gunaguni sai a ce masa bai fahimci hikimar malam ba, ko a ce al'adarsu ce ta daban, alhali kuwa a al'adar Barahmawan Maisur ba a yi wa matar wani haka. Hannun nan da ya maye gurbin harshe, wanda baƙi su ke ƙetare teku don ya taɓa su, shi ne dai hannun da ya yi ɓarnar, babu kuwa mai duba makaranta da zai shigo ba zato ya tambaya. Bayan fitowar maganar makarantu da yawa a Turai da Amurka suka sauke hotonsa daga bango, waɗansu kuma suka fito da doka cewa ba a taɓa almajiri sai an nemi yardarsa, har a kan ajiye ɗan kati a gefen darduma mai nuna i ko a'a.

BAYAN TSOHO

Sharath ya karɓi ragamar makarantar tun 2007, sa'ad da jikin kakansa ya yi rauni. Mutum ne mai tsanani ga kansa, ya kan tashi tun tsakar dare ya yi nasa karatun kafin almajirai su iso. A hannunsa jama'a ta ƙara yawa, har Gokulam ma ta yi kaɗan. Cikin 2019 ya tashi ya koma wani makeken zaure a Hebbal, unguwar masana'antu a bayan gari, ya sa masa sunansa, inda ɗaruruwa su kan yi karatu a zubi ɗaya. Mahaifiyarsa Saraswathi ta tsaya a Gokulam da nata almajiran, Manju kuwa yana Amurka da nasa. Gida ɗaya ya zama uku.

Cikin Nuwamba 2024 Sharath ya tafi Amurka koyarwa a Jami'ar Bajiniya. Ran 11 ga wata ya fita hawan dutse tare da almajiransa, a can zuciyarsa ta tsaya, ya rasu yana da shekara 53. Shi ne mai sa hannu a takardun ijazar malamai da ke warwatse cikin ƙasashe da yawa. Mahaifiyarsa, wadda ta shiga gidan Lakshmipuram tana 'yar shekara bakwai, tana da shekara 83 sa'ad da labarin ya iso Maisur.